Takarar Likitan Garin Dogo

Gumel, 3 ga Yuni

Zuwa ga ɗana Abdulbaqi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da majinyatanka. Ka san ni da waya ba ma shiri tun da kunnena ya yi nauyi, shi ya sa na ba direban motar garin Sule Tankarkar wannan takarda.

Dattawan garinmu, Garin Dogo, sun same ni har gida. Suna so ka tsaya takarar kansila, ni kuwa na amsa musu da yawunka. Shekara tara kana riƙe da asibitin nan kai kaɗai: kai ne mai allura, kai ne mai ba da magani, kai ne mai shara. Ka rubuta koke a kan firjin rigakafi da ya mutu, ka rubuta a kan rashin ungozoma, shiru kake ji. Ni na yi shekara talatin da biyar a ofis, na san makwancin irin waɗannan takardu. Da su ake toshe ƙafar tebur idan yana girgiɗi. Wanda yake zaune a majalisa shi ake saurara.

Doka dai ta ce ma'aikaci sai ya ajiye aiki kafin ya tsaya. To, ka ajiye. Namiji ba ya tsoron hidimar jama'a.

Wassalam,
Bappanka, Mu'azu

Garin Dogo, 10 ga Yuni

Zuwa ga Bappa,

Allah ya ƙara girma. Ina gaisuwa da ladabi, iyali ma suna gaisuwa.

Na kwana uku ina juya maganarka, kuma na amince. Ba kujerar ce ta ja ni ba. Ka fi kowa sanin yadda Innata ta rasu a kan amalanke, hanyar Gumel, tana naƙudar ƙanena. Har yau idan mace mai ciki ta shigo sai gabana ya faɗi, don akwai abin da ba za ta iya gaya wa namiji ba, ni kuma ba ni da mace ko ɗaya a wurin aiki. Abu uku nake so na yi: a kawo ungozoma mai kwana a garin, a gyara firji da hasken rana, a samar da Keke Napep na ɗaukar masu naƙuda. Na zauna na tsara su a shafi shida.

Abin da yake hana ni barci shi ne wanda zai riƙe asibitin. A sakatariya sun ce za a turo wani "nan gaba kaɗan". Haka suka ce game da firjin, shekara huɗu ke nan, yanzu a cikinsa nake ajiye auduga.

Duk da haka na rubuta takardar ajiye aiki. Goggo Larai ta zo sayen riɗi ranar kasuwa, na ba ta ta miƙa mini a sakatariya, tunda hanyarta ce.

Ɗanka mai biyayya,
Abdulbaqi

Maigatari, 2 ga Yuli

Yaya Mu'azu,

Ina gaisuwa. Ya ƙafa, ya kunne? Ka yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne, amma za ka gane.

An ce kana ta aike sakatariya kana tambayar ina takardar yaron nan ta maƙale. Ka daina wahalar da bayin Allah. Tana cikin kwallata, ƙarƙashin daddawa, har ta ɗauki ƙamshi.

Ranar da ya ba ni, gwiwata ta motsa, na zauna a bencin asibitin ina jiran layi. Yaya, daga hantsi zuwa la'asar yaron nan ko ruwa bai sha ba. Mata har daga tsallaken iyaka, goye da yara, wata ta yi tafiyar awa biyu a ƙasa. Na ce da su, "Ku yi murna, likitanku zai zama kansila." Wata dattijuwa, Laure, ta gyara zama ta ce, "Hajiya, muna son Likita kamar ranmu, shi ya sa ko ƙuri'a ɗaya ba zai samu a wajenmu ba. Idan ya ci, mun rasa shi. Idan ya faɗi, mun rasa shi. Damina ga ta ta kama, wa zai duba mana zazzaɓin yara?" Duk suka ce haka ne. Ku maza kun zauna a zaure kun yanke, ba wanda ya tambayi masu zaman benci.

Nan take na ce musu takardar tana hannuna, kuma ba inda za ta je. Suka ce amma gyaran nan uku suna so, sai dai a nemo wani ya tsaya. Na ce ai kuwa na san wani ɗan garin nan, yana Gumel. Ya san kan ofis ciki da waje, ba doka da ta ɗaure shi, ba shi da aikin fari bare na baƙi sai rungumar rediyon da ba ya ji. Kuma da bakinsa ya ce namiji ba ya tsoron hidimar jama'a, yaron ya karanta mini.

Suna tafe ranar Asabar, mota biyu. Ka sa a dafa shinkafa da yawa.

Ƙanwarka,
Larai

Garin Dogo, 5 ga Yuli

Goggo,

Barka da war haka, ya gwiwar? Ki riƙa shafa maganin safe da yamma, ba sai ta motsa ba.

Da Laure ta ba ni labari na yi fushi, wallahi har na ɗauko babur zan taho Maigatari. Ina tura shi sai ga wata da yaro yana jijjiga. Kafin na gama da shi fushin ya tafi. A ranar na yi barcin da rabona da irinsa tun zuwan wasiƙar Bappa. Ban taɓa jin an ƙi mutum ya ji daɗi haka ba.

Takardar ki bar ta inda take. Amma Goggo, Bappa fa shekararsa sittin da takwas. Kina ganin zai yarda?

Ɗanki,
Abdulbaqi

Gumel, 9 ga Yuli

Abdulbaqi,

Assalamu alaikum. Mota uku suka zo, ba biyu ba. Na ce musu ba na ji sosai. Laure ta ce ba komai, su ma ba ji suke so na yi ba, magana suke so na yi.

Na karɓi fam jiya. Ka aiko mini da shafi shidan nan naka, da manyan baƙaƙe. Ungozomar za mu sa a farko, saboda Innarka.

Ka taho da abin awon jini ranar Juma'a, ina jin nawa ya hau. Amma sai ka sallami na kan benci tukuna.

Wassalam,
Bappanka, ɗan takara