Kifin da Ba Shi da Shaida

Zuwa ga ƙanwata Shizue, a Osaka,

Sanyi ya fara ja da baya, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Ki lura da kyau: wannan rubutun hannuna ne. Ni Tokuji, ina da shekara saba'in da huɗu, na kammala ajin koyon rubutu na manya, kuma malama ta ce ba ta taɓa ganin mai himma irina ba.

Kin san shekara hamsin ke nan ina shafa wa kifi tawada, in danna masa takarda siffarsa ta fito, ke kuma ki rubuta rana da nauyi, ki buga hatiminki na shaida. Tun da kika tafi ruwa ya yi ɗumi, ciyawar teku ta mutu, kifi ya ƙaurace mana. Amma jiya na kama jan kifi mai tsawon kamu uku, irin wanda rabona da shi shekara shida. A cikin kwalekwale na ɗauki siffarsa, na wanke shi, na mayar da shi ruwa da ransa, domin wataƙila shi ne na ƙarshe.

Takarda ba ta cika sai da hatimin shaida. Mu tara muka rage a tsibirin, ba mai fita teku sai ni. Ya wajaba ki zo ki buga.

Yayanki,
Tokuji

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Lallai ka iya rubutu, har fankamarka ta fito a takarda! Sau biyu na karanta, na yi kuka kaɗan, kada ka ji daɗi.

To amma wace irin wauta ce wannan? Ka saki kifi, sannan ka ce in zo in yi shaida? Shaidar me, jiƙaƙƙen kwalekwale? Baba bai taɓa buga hatimi a kan abin da idonsa bai gani ba, ni ma haka. Da ka sa shi a ƙanƙara ma da sauƙi. Ga gwiwoyina, ko matakalar gida da kyar nake hawa, balle jirgin ruwa.

Ka kamo wani, ka ajiye shi, sai in san yadda zan yi. Ka riƙa cin abinci mai zafi.

Ƙanwarka,
Shizue

Shizue,

Bayan gaisuwa. Hukuncinki daidai ne, na karɓa. Sai dai ko na sake kama wani, ba zan ajiye shi ba.

Na rataye takardar a ɗakinki, bayan na share shi na canja tabarma. Jirgi yanzu ranar Talata kaɗai yake zuwa. Ina fita bakin gaɓa kowace Talata, domin duba yanayin ruwa.

Yayanki,
Tokuji