Tsingaron Gonar Baba

Laraba da dare

Ban taɓa gaya wa kowa ba. Tun da na ga masu tonon tsohon birnin Indiya a wayar Yaya Sani, suna share fasassun tukwane da ɗan buroshi, nake tara tsingaron da Baba ke watsarwa bakin kanal ɗin ban ruwa in yana gyaran fangalin tumatir.

Yau Inna ta gano su a ƙarƙashin gado, za ta zubar. Na ce, "Inna, tsaya ki gani." Na haɗa guda uku, sai ga bakin tulu, har da zanensa.

Ta daɗe tana shafa shi. "Irin na kakata ne. Mayar da abinki."

Gobe zan riga Baba isa gona.