Yayana Ya Ba Ni Gonar da Awaki Ke Lasa

Anti, don Allah ki taimake ni, zuciyata ta kusa fashewa.

Ni tela ne. Da aka tsane wata fadama aka raba wa magidanta, gidanmu ya samu gona biyu. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ɗauki ta sama, inda ruwa ke shigowa, ya kai ni ganin ta gangare. A ranar, ruwa ya kwanta mata luf, gwanin sha'awa. Har cewa ya yi ya bar min mai kyan don na fi shi yara. Na sayar da keken ɗinkina na shiga noman shinkafa.

Wayyo! Dashe bai yi nisa ba bakin ganye ya fara ƙonewa. Na zuba taki, abin ya ƙara lalacewa. Shinkafa ta tsumbure, wadda ta daure ta fid da kai kuma ƙaiƙayi zalla. Da ƙasa ta bushe sai ga ta fari fat kamar an barbaɗa gari. Na ɗanɗana, gishiri!

Da iyakarta ke nan sai in ce ƙaddara. Amma matar Yaya, garin raha, ta ce ai can suke kora awakinsu lasa tun kafin rabo. Ashe ya sani! Ashe shi ya sako ruwan ranar don ya rufe farin. Mutumin da ya goya ni fa! Inna ta ce in yi shiru. Ko gaisuwarsa ba na amsawa. In bar gonar, in bar shi?

Tela marar keke

Bawan Allah, an cuce ka. Wataƙila tsoron yunwar nasa yaran ya ja shi, amma wannan ba uzuri ba ne. Kai ma ka yi gaggawa, ba a duba sabuwar gona ruwa na kwance.

Gishiri kan hana saiwa shan ruwa, shinkafa na tsaye cikin ruwa tana ƙishi, yawan takin zamani kuma ƙara mata wahala yake. Ƙasar ba ta mutu ba, wanki take so. A cika ta da ruwa mai kyau, a sake shi ta magudana, a yi ta maimaitawa. Ka ƙara takin gargajiya, ka tambayi malamin gona iri mai jure gishiri.

Ruwan kuwa ta gonar yayanka zai biyo. Kada ka yi shiru, kada kuma ka yanke zumunci. Ka zaunar da shi gaban Inna ka faɗa masa ka sani. Ranar da ya kai ka ganin gonar ya buɗe ruwa ya ɓoye gishiri, yanzu ya sake buɗewa a wanke shi, ya ɗauki fartanya ku haƙa magudanar tare. In ya ƙi, ka kai maganar ga waɗanda suka yi rabon. In ya zo, ka amsa gaisuwarsa.

Allah ya huci zuciyarka, ya maida maka kekenka.