Takardar Da Ke Shafi Na Tamanin Da Huɗu

Da sunan Allah. Ina rubuta wannan hankalina cikakke, babu wanda ya tilasta ni. Jikin ne ya gaji, likita kuma ya daina kallon idona idan yana magana. Ke 'Yar Fari, shekarunki bakwai. Kai Auta, ko takalminka ba ka iya sawa daidai ba. Ƙanwata za ta ajiye muku wannan har ku iya karantawa.

Na ɗaya. Babanku ba tafiya ya yi ba, kamar yadda nake gaya muku. Yana gidan yari, saura masa shekara uku. Direban babbar mota ne, motar kuma ta Baffanku ce, yayansa. Ya buge wani tela a kan keke a mararraba, telan ya rasu. A lokacin an riga an dakatar da lasisinsa saboda ya faɗi gwajin ido. Ya yi laifi, kada ku musa wa kowa wannan. Kada kuma ku ji kunyar kiransa Baba.

Ni ma ina da nawa. Duk ranar da ya dawo daga hanya, sai ya kwanta a tabarmar bakin ƙofa, hannunsa na warin baƙin mai, ya miƙo mini littafi ya ce in karanta masa, wai muryata ta fi rediyon motarsa. Shekara biyu ina yi, ina jin kaina kamar matan da ke cikin labaran. Ashe rubutun ne ba ya gani. Na lura da duk wani kallo da jarumi ya yi wa jaruma, ban lura mijina yana lalubar maɗaurin agogonsa da yatsa ba.

Na biyu. A cikin akwatin littattafaina akwai mai koren bango wanda bayansa ya yage. A shafi na tamanin da huɗu akwai takarda a ninke. Ita ce sanarwar dakatar da lasisin, kuma a ƙasanta akwai sa hannun Baffanku, shaidar ya gani a matsayinsa na mai mota. Babanku ya kawo ta gida ya ajiye a kan tebur. Tukunya ta yi bori, na zari abin da ke kusa na sa alamar inda muka tsaya, na tashi. Kwana biyar bayan nan Baffa ya ba shi mukulli, ya ce kaya ba za su jira ba.

A kotu Baffanku ya ce bai san komai ba. Kamfanin inshora ya janye, tunda direban ba shi da izinin tuƙi. Lauya ya ce idan aka nuna mai mota ya sani, shi ma alhakin zai hau kansa, matar telan ta sami diyya. Aka ɗaga katifa, aka zazzage jakunkuna ana neman takardar. Babu wanda ya buɗe littafi, ni kuma tun ranar hatsarin ban iya taɓa su ba. Sai watan jiya, da kwanciya ta ishe ni, na buɗe koren na gan ta.

Na uku. Na umarci ƙanwata ta kai takardar wa lauyan matar telan, ranar Litinin, ko ina nan ko ba na nan. Sati uku na ɓoye ta ƙarƙashin matashi kafin na mayar da ita cikin littafin, domin ɗakin da muke ciki na Baffa ne, kuma shi ke kai ku makaranta. Na san yana iya cewa ku fita. Amma na ga matar nan a barandar kotu, goyo a bayanta, keken ɗinkin mijinta ta sayar ta biya kuɗin mota. Ba zan bar muku rufin da aka yi da haƙƙinta ba.

Na huɗu. Na gaya wa Baffanku da bakina, don kada ya ji a waje. Da ya tashi, ya gyara mini labule kafin ya fita. Ku ci gaba da gaishe shi kuna durƙusawa. Ya ji tsoro ne, ni ma na san yadda tsoro yake. 'Ya'yansa 'yan uwanku ne, kada maganar kotu ta shiga tsakaninku.

Na biyar. Zobena da mayafin ruwan toka naki ne, 'Yar Fari. Auta, agogon babanka, ka riƙe masa. Littattafan ku raba yadda kuka so, ban da koren.

Shi koren, a cire takardar a sa zare a wurin. Ban wuce shafin ba, don na yi alkawari tare za mu ƙarasa. Kullum ina lissafa ranar da zai turo ƙofa ya kwanta a tabarmar nan, ya ce ina muka tsaya. 'Yar Fari, a lokacin kin kai goma. Ki zauna ta gefen damansa, can ya fi ji. Ki karanta a hankali, yana son a tsaya ya yi gardama da mutanen cikin labarin.

Allah ya raya ku, ya yi muku albarka, ya haɗa kanku da na dangin ubanku duka. Ku riƙe juna, ku riƙe shi. Idan kun kai ƙarshen littafin, ku yi mini addu'a.

Mamanku.