Na Gyara Gidan Baba, Ya Ɓata a Cikinsa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, ƙafar Goggo ta yi sauƙi, matata ta koma aiki. Ni kaɗai ne na kasa zama wuri ɗaya, wasiƙar nan ma a tsaye nake rubuta ta.

Kin san shekara uku ke nan ina aiki da ƙungiyar da ke gyara wa tsofaffi da naƙasassu gidajensu. Mu kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, mu faɗaɗa ƙofa don keken guragu ya wuce, su yi ta sa mana albarka har kaina ya fara girma. Da kika ce in duba gidan Baba tunda idonsa ya tafi gaba ɗaya, sai na ce abu mai sauƙi. Na kai shi wurin Goggo kwana huɗu, ban tambaye shi komai ba. Na fasa dokin ƙofar ɗakinsa don kada ya yi tuntuɓe. Na shafe tsakar gida da siminti sumul. Igiyar shanyar marigayiya Inna na kwance ta, wai kada ta shaƙe shi. Famfon nan mai ɗiga na canza masa kai, ƙofa mai ƙara na zuba mata mai.

Yaya, ashe da waɗannan abubuwan Baba yake gani. Igiyar yake bi da hannu har banɗaki. Tsagar da ke ƙasa ce take gaya wa ƙafarsa inda zai karya kwana, ɗigar famfon kuma ita ke nuna masa gabas. Ranar da ya dawo, na same shi tsaye a tsakiyar gidan da ya gina da hannunsa, yana lalube iska. Bai kira kowa ba, kin san halinsa. Da na kama hannunsa ya ce, "Auta, aikinka ya yi kyau. Gidan wa ka kawo ni?" Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Tun ranar bai sake fitowa ba, bokiti ake kai masa ɗaki. Babban Yaya ya ji labari, ya ce ran Asabar zai zo da mota ya tafi da shi gidansa, hawa na uku, inda ko rana Baba ba zai sha ba. Na yi masa bayani ya ce in rufe masa baki, na yi iya tawa ɓarnar. Ni kuwa na mayar da igiyar, na sassauta kan famfon don ya sake ɗiga, ga ni da guduma da kurfi ina neman tsaga simintin da na shafe, maƙwabta na leƙowa suna tambaya ko lafiyata ƙalau. Amma na manta daidai inda tsagar take, Baba kuma ya ƙi faɗa.

Don Allah ki turo mini tsofaffin hotunan tsakar gidan, duk wanda ƙasa ta fito a ciki. Sannan ki kira Babban Yaya, ke yake jin maganarki, ya ba ni mako biyu kacal. Ki hanzarta, domin yau da safe na tarar Baba ya ninke kayansa da kansa. Ya ce kada in yi gardama da yayana saboda shi, ko ina aka kai shi duk ɗaya ne, tunda nan ma baƙo ne.

Ki gaida maigidanki da 'yan biyu da takwarar Inna. Goggo da matata suna gaishe ki. Baba bai san na rubuto ba.

Ƙaninki,
Auta