Ni Na Sa Aka Shafa Simintin, Magini Ya Ɗauki Laifin

Assalamu alaikum Malam Edita, da ku masu karanta wannan fili na neman shawara. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada a yi saurin yanke mini hukunci sai an kai ƙarshen takardar nan. Duk zagin da za ku yi mini, na riga na yi wa kaina ninkinsa.

Ni ɗan kasuwa ne, yadi nake sayarwa. Gidanmu na gado yana wani lungu a Gwale, ginin ƙasa ne tun na kakanmu. Tun da soja suka miƙa mulki kun dai ga yadda gari ya koma: duk wanda ya manna wa kansila fosta ya wayi gari ɗan kwangila ne, ko da bulo ɗaya bai taɓa ɗorawa ba. A lungunmu kowa na cire azara yana buga kwano, ni ma na ce ba za a bar ni a baya ba. Maginin farko da na ɗauka ya kwashe azarar ɗakin mahaifiyata ya sayar, ya ce wai gara ta cinye su ya zubar. Na biyu kuwa yashi yake kwaɓawa da sunan siminti, filastarsa in ka goga yatsa sai ta zubo. Na sallame su duka. To, wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, ni kuma dama can mutum ne mai zargi, ko ciniki ya zo mini da sauƙi sai na sake duba yadin.

Limamin masallacinmu ne ya haɗa ni da wani dattijon magini, zan kira shi Malam Garba duk da ba sunansa ba ne. Liman ya ce, "In amana kake nema, ka same ta." Kun san abin da ya fara zuwa raina? Me Liman yake samu a wurinsa da yake yabonsa haka? Na daina fita kasuwa da safe, na kafa kujera a tsakar gida ina bin hannunsa da ido. Har jakar kayan aikinsa na taɓa buɗewa da ya tafi alwala. Ban ga komai ba, ko ƙusa ɗaya ba ta ɓata ba, amma maimakon hankalina ya kwanta sai na ce wannan dai ɓarawo ne da ya ƙware.

Da aka gama rufin kwano muka zo kan katangar da ta raba mu da maƙwabciyarmu, Gwaggo Asabe, tsohuwa ce mai suyar ƙosai, madafarta a jikin katangar take ta wancan gefen. Na ce a shafe gefenmu da siminti ya dace da sauran gidan. Malam Garba ya dafa katangar ya ce, "Alhaji, wannan kam a'a. Ruwan sabon kwanon nan a gindinta zai riƙa zuba. Ƙasa in ta sha ruwa, rana ta fito, bushewa take. In ka rufe ta da siminti, ruwan ya shiga ya rasa hanyar fita, daga ciki za ta ruɓe. A yi mata yaɓe, a shafa makuba ta ɓawon ɗorawa, a sa indararo ya kai ruwan lungu." Na ce, "Makuba, a wannan zamanin?" A raina na ce yau na kama shi. Wa bai san makuba sai ana sabunta ta ba? Ashe so yake ya kafa wa kansa gona a gidana, duk shekara ya dawo girbi.

A satin aka yi musu rasuwa a ƙauye, ya tafi ta'aziyya da leburorinsa kwana uku. Na samo wani ɗan ci-rani mai filasta, ya shafe katangar tas a wuni ɗaya, maganar indararo kuwa ban ma bi ta kanta ba. Da Malam Garba ya dawo ya daɗe a tsaye yana kallonta. Ya ce, "Alhaji, wa ya yi wannan?" Na ce, "Gidana ne." Ya ce, "Gidanka ne, gaskiya. Amma katangar ta mutum biyu ce. Ka sa a ɓamɓare kafin ruwa ya sauka." Dariya na yi. Ya ƙarasa sa ƙofofi ya tafi. Ranar da aka yi ruwan farko ya dawo ya yi sallama a zaure, na san abin da ya kawo shi, na aika aka ce ba na nan.

A tsakiyar damina aka yi kwana uku ana ruwa. Rana ta huɗu da hantsi katangar ta kwanta, kuma ba gefenmu ta faɗo ba, kan madafar Gwaggo Asabe ta faɗa tana zaune a gaban kasko. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙafarta ta karye, an yi ɗori bai kama daidai ba. Yau da sanda take zuwa bayi, ƙosai kuwa ta daina.

Aka taru a zauren mai unguwa, 'ya'yanta maza uku suna huci. Kowa a lungu ya ga Malam Garba yana shiga gidana wata biyu, babu wanda ya lura da ɗan ci-rani, shi kuma tuni ya koma garinsu noma. Mai unguwa ya tambaye ni yadda aka yi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni yadi na sani, ban san gini ba. Magini na ba wa aikin." Ku duba maganar nan, babu kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki, amma wallahi ban taɓa yin ƙaryar da ta kai ta ba. Aka juya ga Malam Garba. Ya kalle ni sau ɗaya, ya sunkuyar da kai ya ce, "Zan tayar da katangar." Kuma ya tayar da ita da hannunsa, da ƙasa da makuba, ya sa indararo.

Tun daga nan babu wanda ya sake ba shi aiki a unguwarmu. Kwanaki na hango shi wajen Ƙofar Kabuga yana ɗaukar bulo a ka, lebura a ƙarƙashin ɗaya daga cikin yaran fostar nan, yaron da a shekaru ya haife shi. Na kawar da kai na wuce, ranar ban iya cin abinci ba. Mahaifiyata kullum ta je gaida Gwaggo sai ta dawo tana Allah ya isa ga maginin da ya cuce mu, ni kuma ina zaune ina jinta. Abin kunyar ma, ko a hakan zargin bai sake ni ba. Me ya sa ya yi shiru? Me yake shirya mini? Jira yake in saki jiki ya kai ni kotu?

Yanzu zauren masallacinmu ya tsage, za a gyara shi kafin damina ta dawo. Liman yana son a ba Malam Garba, jama'a sun ce ba za su yi salla a ƙarƙashin aikinsa ba. Liman ya same ni ya ce, "Ni na haɗa ku, kai ka zauna a kan aikinsa wata biyu. Ƙarshen watan nan za mu zauna, ka zo ka faɗa wa mutane tsakaninka da Allah, a ba shi ko kada a ba shi." In na ce a ba shi, za a tambaye ni katanga. In na faɗi gaskiyar katanga, da wane ido zan kalli Gwaggo Asabe da 'ya'yanta, da uwar da ta haife ni? In na ce kada a ba shi, na ƙarasa binne shi ke nan.

Na kasa haƙuri, shekaranjiya bayan la'asar na tare shi a bakin masallaci. Na ce, "Malam, ka fito fili ka faɗa mini, me kake nufi da ni?" Yana sa takalminsa ya ce, "Alhaji, mu magina ana shigar da mu har ɗakin matan aure, inda ɗan'uwan miji ma ba ya shiga. Babana ya koya mini, abin da ka gani a gidan mutane, a zaure kake ajiye shi in za ka fita. Maganar gidanka ce. Kai ke da ikon fito da ita, ba ni ba." Ya ce in gaida Hajiya mahaifiyata, ya tafi.

Wata biyu na yi ina neman ɓarawo a jikin mutumin nan ban samu ba, yanzu sunansa da abincin iyalinsa suna bakina. Jama'a, don girman Allah ku ba ni shawara. Me zan yi?