Darasin da Na Maimaita

Laraba da dare, garin Tawa

Yau na koya wa 'yan ajin ƙarshe siffar aikatau ta Ingilishi wadda ke nuna aikin da aka gama amma tasirinsa bai gushe ba. Kamar kullum, ina bubbuga tebur da alli, suna rera siffofi ukun kowane aikatau. Ba su yi kuskure ba, har na yaba musu. Babu wanda ya yi murmushi.

Da aka tashi, Rakiya, shugabar ajin, ta tsaya bakin ƙofa, idonta a ƙasa. Ta kira ni yadda ɗalibai ke kiran malami a nan, ta ce, "Mushe, a gafarce ni, wannan darasin mun yi shi jiya da shekaranjiya. Ga jarrabawar fita ta bak ta matso."

Ban tuna ko ɗaya ba. Haka Baba ya fara a Kalfu, yana maimaita sallar la'asar, kafin ya manta sunayenmu. In direkta ya ji, za a karɓe mini ajin.

Ɗazu na tambayi Hajiya, mai dafa mini abinci, tuwona. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce a hankali, "Malam, ai ka ci."